Abincin Biki a Sukuntuni

Idan muka sauka daga hanyar Kano zuwa Katsina a Kankia, muka nufi Sukuntuni a watan Disamba, za mu tarar an gama kaka. Rumbuna cike da gero da dawa da wake. Wannan albarka ce ga mai ciwon siliyak, wato wanda alkama da sha'ir suke lalata masa hanji. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya nuna haka a 1950. Wajen mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ciwon, maganinsa kuwa barin alkama muddin rai.

Tuwon dawa da fura da ƙosai ba su cutar da shi. Wahalarsa ranar Kirsimati ce ko ta Salla, sa'ad da kwanuka suke zaga gidaje da cincin da dubulan da alkaki da taliya, dukansu na alkama. Ƙin abincin maƙwabci kuwa abin kunya ne a wurinmu. Sai yaro ya ci don kara, ya kwana da zawo da kumburin ciki.

Uwargida, ga taimakonki. Ki dafa masa shinkafa da miya. Kada ki zuba fulawa cikin ƙullin waina ko ɗanwake. Kada ki soya ƙosansa a man cincin. In baƙo ya ce, "Na gode, ba na cin alkama," kada mu ce girman kai ne. Mu kawo masa fura.