Gadar da Aka Yanke da Gangan

A makon nan ina so mu leƙa cikin kwamfuta, saboda wata tambaya da ta daɗe tana damuna tun ina karatun difloma a fannin lantarki: idan ka sayi abu da kuɗinka, kuma abin nan yana iya aikin da ya fi wanda aka bar shi ya yi, wa ke da ikon faɗin inda zai tsaya, kai ko wanda ya ƙera shi?

Abin da nake magana a kai shi ne firosesa, ɗan guntun nan da muke kira ƙwaƙwalwar kwamfuta. Gudunsa yana fitowa ne daga lambobi biyu da ake ninkawa: bugun da babban allon kwamfuta ke ba shi, da lambar ninki da aka ɗaura masa a masana'anta. Ɗauki Duron 600 na kamfanin AMD wanda ya fito a shekarar 2000. Allo yana ba shi megahaz 100, lambar ninkinsa 6 ce, sai ya yi gudun megahaz 600. Da za ka mayar da 6 ɗin nan 8, gudun ya koma 800 ba tare da ka sayi komai ba. Wannan shi ne ƙara wa firosesa gudu, kuma lambar ninkin nan ce kamfanoni suke kullewa.

Wani zai ce, ta yaya abin da aka ƙera don 600 zai yi 800? Amsar ita ce ba a ƙera shi don 600 ba. A kan faifan silikon guda ake toya ɗaruruwan guntaye iri ɗaya, sannan a gwada kowanne. Wanda ya jure gudu mai yawa a sa masa babbar lamba da babban farashi, wanda ya gaza a sa masa ƙarama. To amma idan masana'anta ta ƙware, nagartattun guntaye sukan fi masu sayen na tsada yawa, alhali kasuwar masu araha tana nan tana jira. Sai a ɗauki mai kyau a rubuta masa ƙaramar lamba, a kulle shi, a sayar da shi da araha.

Masu ƙaramin ƙarfi a Amurka da Turai da Asiya sun gano haka da wuri. A 1998 Intel ya fitar da Celeron 300A, mai ninki 4.5 a kan bugu 66. Mutane suka ɗaga bugun zuwa 100, sai ga shi yana gudun 450, kafaɗa da kafaɗa da Pentium II 450 wanda ya ninka shi kuɗi. Da Athlon na farko ya fito a 1999, a cikin wani baƙin murfin roba yake zuwa, kuma ƙananan resistoci da ke kan allonsa ne ke riƙe da lambar ninki da ƙarfin wutar da zai sha. Mai son ƙarin gudu sai ya ɓalle murfin, ya ɗauki ƙarfen liƙi, ya narkar da dalmar da ke riƙe da resistar da ba ta fi ƙwayar riɗi girma ba, ya matsar da ita wani gurbin. Wasu da suka ɓalle murfin sun tarar lambar da ke rubuce a kan guntun na ciki ta fi wadda aka sayar musu da shi.

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen liƙi ya san abin da wannan aiki yake nufi. Dalmar gargajiya, mai kaso 63 na kuza da 37 na darma, tana narkewa a digiri 183, bakin ƙarfen kuwa yakan wuce 300. Ka ɗan jima a wuri guda, layin tagullar da ke ƙasa ya ɗago. Ɗigo ɗaya ya haɗa wurare biyu da bai kamata su haɗu ba, shi ke nan. Kuma kana ɓalle murfin garanti ya tafi. Mutum ya tara kuɗin watanni ya sayi abu, sannan ya ɗora komai a kan tsayuwar hannunsa na daƙiƙa biyu.

A 2000 aikin ya yi sauƙi har ya zama abin dariya. Sababbin Athlon da Duron sun zo da wasu ƙananan gadoji a samansu, a fili, kowane rukuni da sunansa. Rukunin L1 gadoji huɗu ne, kuma su ne hanyar da allo zai bi ya canza lambar ninki. AMD yana ƙera su a haɗe, sannan ya sa leza ta yanke su kafin a kai kasuwa. Sai wani ya tuna cewa baƙin da ke cikin fensir yana ɗaukar wuta. Layi huɗu da fensirin ɗan firamare, kulle ya buɗe. Da Athlon XP ya zo a ƙarshen 2001, an haƙa ƙananan ramuka a tsakanin gadojin, fensir ya daina aiki. Mutane suka koma cike ramin da sufa-gulu, su bar shi ya bushe, su ja layi a kai da fentin azurfa mai ɗaukar wuta, irin wanda ake gyara wayoyin gilashin bayan mota da shi. Daga ƙarshen 2003 kamfanin ya mayar da kullen can ciki inda hannu ba ya kai wa.

Duk wannan ya faru ne a shekarun da aka haife ni, a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Amma tsofaffin kwamfutocinsu nan suke ƙarewa a wurinmu. A shekarata ta biyu a makaranta na samu wani mataccen allo a hannun 'yan gwangwan, da Duron maƙale a jikinsa. Na wanke shi, na sa madubin ƙara girma, na ga gadojin nan huɗu a yanke tsaf. Na ɗora mita ba ta motsa ba, na ja layi da fensir na sake ɗorawa ta amsa. Ba ni da allo mai rai da zan gwada shi a kai, kuma ban damu ba. Abin da ya tsaya min shi ne yankan. Mu da aka koya wa neman inda waya ta tsinke don mu haɗa, ga wuri an tsinke shi da gangan, da na'ura mai tsada, ba don ya lalace ba sai don farashi.

Adalci ne a faɗi hujjar kamfanonin, don tana da ƙarfi. A shekarun 1990 akwai 'yan damfara da ke sayen firosesa mai araha, su goge lambarsa, su buga babba, su sayar wa wanda bai sani ba. Mai saye ya biya kuɗin doki a ba shi jaki, kwamfutarsa ta riƙa daskarewa, zagi kuma ya koma kan kamfani. Kulle lambar ninki ya rage wannan sosai. Duk wanda ya taɓa sayen waya a kasuwa ya je gida ya tarar ba abin da aka faɗa masa ba ne, ba zai raina wannan hujja ba.

Sai dai abin bai tsaya nan ba. A 2010 Intel ya sayar da Pentium G6951, sannan ya sayar da wani kati na dala 50 wanda lambar da ke jikinsa ke buɗe wasu sassa da tuni suna cikin guntun da ka biya. Nan babu zancen ɗan damfara. Yau ma wanda yake son firosesan Intel marar kulle sai ya nemi mai harafin K a ƙarshen lambarsa ya ƙara kuɗi, yayin da AMD ya bar yawancin Ryzen a buɗe tun fitowarsa a 2017. Abin da fensir ke yi jiya, yau kaya ne a kan kanta.

Amma akwai iyaka ta biyu da babu fensirin da ke buɗe ta. Ƙarin gudu yakan buƙaci ƙarin ƙarfin wuta, zafi kuma yana hawa ne da ninkin ƙarfin wutar a kan kansa: ka ƙara kashi 10, zafi ya ƙaru da kusan kashi 21, tun kafin a lissafa na gudun. Athlon na wancan zamani ba shi da abin da zai kashe kansa idan ya yi zafi, a cire masa ƙarfen sanyaya cikin daƙiƙoƙi ya ƙone. Ko Intel da kansa, a 2024 ya amsa cewa wuta mai yawa tana lalata wasu firosesocinsa na ƙarni na 13 da 14, har ya ƙara musu garantin shekara biyu. Idan mai ƙera abin zai iya wuce gona da iri, ina ga ni da kai?

Shi ya sa nake ce wa ƙannena masu kallon bidiyon waɗannan dabaru su yi lissafin ɗakinsu tukuna. Wanda ya yi bidiyon yana zaune ne a ɗaki mai digiri 20. Mu a watan Afrilu muna wuce 40, ƙurar hunturu ta toshe fanka, wuta kuma tana hawa tana sauka. Laftof ɗin da yawancinmu ke riƙe da shi, firosesansa a liƙe yake da allo, babu gadar da za ka haɗa. Ka buɗe shi ka share ƙura, ka canza man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, ka sa masa SSD da ƙarin RAM, za ka ga saurin da babu dalmar da za ta ba ka. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ni dai inda na tsaya, abin da ka saya naka ne, kana da ikon buɗe shi, asarar ma taka ce idan ta zo. Amma kafin ka kunna ƙarfen liƙi ka tambayi kanka wace iyaka ce a gabanka, wadda ɗan kasuwa ya shata ko wadda zafi ya shata. Ta farko ana yin ciniki da ita, ta biyu ba ta jin magiya. Masu gyaran waya da kwamfuta da ke cikinmu, ina so in ji abin da kuka gani a kan teburinku. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya sa mu ga mako mai zuwa lafiya.