Dabaibayin Birki

Da na je gida hutun Babbar Sallah, ɗan ƙanwata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, bai miƙe ba sai da ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, dubi wanga." Wani Bature ne a kan ɗan guntun keke marar sirdi. Ya ɗaga ƙafar gaba sama, yana tsalle a kan ta baya kaɗai, daga wannan dutse zuwa wancan, ya tsaya cak a gefen katanga kamar an kafa shi da ƙusa, sannan ya dire. Yaron ya tsayar da hoton, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya nuna mini wani lanƙwasasshen ƙarfe da aka ɗaura bisa birkin baya, kamar an kifar da harafin nun a kan taya. Shi ne abin da ya hana shi barci. Ya sayi keke ɗan Kwatano a Sakkwato, birkinsa ba ya kamawa yadda yake so, yana neman in sa baki mai walda ya ƙera masa irinsa.

Na san ƙarfen. Wasan da ya gani ya taso ne daga Kataloniya ta ƙasar Sifen, wajen ƙarshen shekarun 1970, inda yara suka riƙa kwaikwayon iyayensu masu hawa duwatsu da babur. Dokarsa ɗaya ce babba: ka ƙetare abin da aka gitta maka ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. Mai wannan wasa yana son in ya matse birki tayar baya ta mutu nan take, ko gashi kada ta motsa, don duk nauyinsa a kanta yake. Shi ya sa da yawansu ke sa birkin Magura na Jamus, wanda mai ke turawa ba waya ba, har su bi gefen rim da injin gurza ƙarfe su yi masa kaushi don roba ta cije. Birki mai wannan ƙarfi in ya danna rim ta dama da hagu, ƙarfin yakan koma baya ya tale siraran ƙafafun firam guda biyu da yake zaune a kansu. Kana matsewa, maimakon roba ta ƙara cizo sai firam ya yi ta buɗewa, hannun birki ya yi laushi. Lanƙwasasshen ƙarfen nan aikinsa ke nan, ya riƙe ƙafafun biyu kada su tale. Da a ce tsofaffinmu ne suka ƙirƙiro shi, dabaibayi za su sa masa suna.

Ban ba yaron amsa ba a ranar. Tambayarsa ta mayar da ni shekara arba'in baya, lokacin da babu wanda zai yi ta a ƙasar nan, domin kekunan wancan zamani ba su da inda za a ɗaura abin.

Keken mahaifina Raleigh ne baƙi, mai inci 28, irin wanda ake haɗawa a lokacin a masana'antar kamfanin a Kano. Daga baya Phoenix na Sin ya cika gari, sai Hero da Avon na Indiya, amma duk ƙira ɗaya ce, kuma duk birkin sanda gare su. Babu waya ko ɗaya a jikinsa. Ka ja hannun birki, sandar ƙarfe ta ja wata sandar, ta baya kuma ta bi ƙarƙashin firam ta gaɓa-gaɓa har ta isa wajen wani ƙarfe mai baki biyu da ke riƙe da robobin. Su robobin ba gefen rim suke dannawa ba, cikinsa suke kamawa, wajen da sifoki suka fito, su ja shi. Tunda ƙarfin ba gefe yake tafiya ba, babu abin da zai tale firam. Wanda ya ƙera shi ya rufe wannan ƙofa tun daga farko, ko da yake ya bar wasu a buɗe.

Wannan keke shi ne jakinmu, shi ne motarmu. A kansa albasa da tafarnuwa ke fita daga fadama zuwa kasuwar Achida da ta Goronyo. A kansa ake kai shinkafa inji daga gonakin da ruwan madatsar Lugu ke shayarwa a Wurno. A kansa aka kai innata asibiti cikin dare, tana zaune a kariya, an shimfiɗa mata zane. Wanda ya sayi sabo yakan bar takardar da aka naɗe firam da ita wata da watanni, ya sa wa sirdi riga mai geza, ya ɗaura madubi biyu. Ranar Juma'a a wanke shi a goge rim da toka har ya yi ƙyalli.

Ina yaro aka yi aikin madatsar Goronyo a kan gulbin Rima. An gama ta a 1984, aka yi bikin buɗe ta a 1992. Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda tudu mafi girma shi ne gaɓar gulbi, sai ga ganuwar ƙasa mai tsayin mita 21, doguwa fiye da kilomita goma sha biyu, ta tare ruwa har ido ba ya ganin ƙarshensa. Manya suna lissafin noman rani da gonakin da ruwa ya ci. Mu yara gangare muka gani. A hanyoyin da ke saukowa daga tudun aikin da gefen magudanan ruwa muka fara sanin cewa birki ba ado ba ne.

A nan ne kuma raunin birkin sanda ya bayyana. Rim ɗin ƙarfe ne mai santsi. In ka ratsa ruwan da ya malalo daga kwalbati, ko raɓa ta jiƙa shi da asuba, ka matse birki, sai tayar ta yi juyi biyu ko uku kafin roba ta share ruwan ta fara kamawa. In rim ya taɓa cin rami ya lotsa, birkin ya riƙa kamawa yana saki, keke na fizga kamar doki mai gardama. Gaɓoɓin sandar kuwa kowace ta ɗan saki kaɗan, in aka tara sakin sai ka ja hannun birki har ya taɓa kan keke ba abin da ya faru a baya. Samari sukan kai diddigen takalmin roba su danna taya. Mahaifina bai taɓa yarda da wannan ba. In da buhu a kariya, ko gangaren bai kai ya kawo ba, sauka yake ya riƙe kan keke da hannu biyu, ya jingina ƙugunsa da sirdi, su sauka tare a hankali. Na daɗe ina ganin tsoro ne. Sai da na ɗauki buhun albasa da kaina a kan wani aron keke, na danne birkin baya da ƙarfi a kan rairayi, tayar ta kafe ta zame gefe, buhun ya ja ni ƙasa, sannan na gane lissafi ne yake yi.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke a gindin dogon yaro bakin kasuwa, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa sifana uku, filaya, guduma, kwanon ruwa na neman huji, da gwangwanin sholisho. In ka kawo keke ka ce birki ba ya ci, ba ya taɓa sifana. Sai ya tsuguna a bayan keken ya ce, "Matsa in gani." Ka matsa. "Saki. Ƙara matsawa." Idonsa na bin ƙarfen daga hannunka har zuwa roba, yana neman inda motsin ke ɓacewa a hanya. Wani lokaci ya ɗora yatsa a kan wata gaɓa ya ce, "Nan ƙarfinka ka tsayawa, bai kai ga taya." Ya ɗaure noti ɗaya, ko ya yanko roba daga tsohuwar tayar mota ya gyara mata baki da wuƙa ya zura, ya karɓi abin da ka ba shi. Ban taɓa jin ya ce wa kowa ya sayi sabon abu ba kafin ya ga inda cutar take da idonsa. Ina ganin wannan ilimi ne na gaske, kuma ina jin zafin yadda yake ƙarewa ba tare da kowa ya rubuta shi ba.

Sannan babura suka zo, Jincheng da farko, Bajaj daga baya, keke ya koma na yara da tsofaffi. Masu gyara da yawa suka koma facin babur. Sai da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 na fara ganin magidanta suna zaro tsofaffin kekuna daga bayan rumbu suna kakkaɓe ƙura. Matasa kuwa 'yan Kwatano suke saye, masu giya da faffaɗar taya da rim ɗin alminiyam. Birkinsu na waya ne, hannuwa biyu dogaye a tsaye, irin wanda Shimano na Japan ya yaɗa a tsakiyar shekarun 1990. Gaskiya ya fi na sanda kamawa nesa ba kusa ba, musamman a jiƙe. Amma shi gefe yake dannawa, don haka tambayar ɗan ƙanwata tana da gurbi yanzu: irin wannan birki yana iya tale firam, in firam ɗin siriri ne kuma hannun mai shi na da ƙarfi.

Washegari da hantsi na ce ya fito da keken tsakar gida. Na tsuguna a baya kamar yadda dattijon nan yake yi, na ce, "Matsa in gani." Ya matsa. Na sa ido a kan ƙusoshin nan biyu da hannuwan birki ke juyawa a kansu. In firam ne ke talewa, za ka ga sun buɗe waje ƙarara, in ka ɗora babban yatsa da manuni a kansu za ka ji suna ture ka. Waɗannan da ƙyar suka motsa. Firam ɗin ƙarfe ne mai kauri, an yi shi don ɗaukar wahala. Abin da na gani daban ne. Robobin sun cinye, sun bushe sun yi ƙyalli kamar tangaran, ɗaya ma rabinta a iska take kamawa. Wayar ta yi tsatsa a cikin rigarta, rigar kuma ta tsage kusa da sirdi, tana lanƙwashewa duk lokacin da ya matsa. Rim ɗin ya yi maiƙo da man da ya ɗiga daga sarƙa.

"Mi ka gani, Kawu?"

Na ce ya zo ya tsuguna inda nake, ni na matsa masa, ya gani da kansa. Ya daɗe yana kallo. Na gaya masa ko mai walda ya ƙera masa dabaibayin zinariya, ƙarfin hannunsa ba zai wuce wannan tsagaggiyar rigar waya ba. Na kuma gaya masa abin da ya fi damuna. Baturen nan yana son taya ta mutu nan take, don a kan dutse yake tsayawa, shi kaɗai, ba kaya. Shi kuwa tafarnuwar mahaifinsa zai ɗauka a kan burji da rairayi, wani lokaci da ƙanensa a kariya. Birkin da ke kashe taya da taɓawa ɗaya shi ne zai kayar da shi a irin wannan hanya. Abin da yake bukata birki ne mai jin magana, wanda zai kama kaɗan in an matsa kaɗan, ya kama sosai in an matsa sosai, kuma ya koyi haɗa na gaba da na baya.

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Wasan nan ya shiga ransa, kuma ban ga laifinsa ba, don mu ma abin da ya kai mu gangaren madatsa ke nan. Na ce masa in har da gaske yake, ya samu keken da zai ware wa tsalle-tsalle, ya sa masa sababbin robobi da waya, ya koyi tsayawa cak ba tare da sa ƙafa ba, sannan mu sake tsugunawa mu duba. Ranar da na ga ƙafafun firam suna buɗewa, ni da kaina zan zana wa mai walda ƙarfen a takarda, in auna masa tazarar ƙusoshin, in tabbatar ya bar wa taya wurin wucewa ko ta kwaso laka.

Ranar kasuwa muka sayo robobi biyu da waya da rigarta. Ya wanke rim da omo ya shanya, na nuna masa yadda ake daidaita roba ta kwanta a kan rim gaba ɗayanta ba tare da ta taɓa taya ba. Da la'asar aka ɗaura masa rabin buhu a kariya, ya bi hanyar da ke gefen magudanar ruwa. Ina tsaye ina kallonsa har ya kai inda hanyar ke gangarawa zuwa kwalbati. Ya rage gudu tun daga sama, ya ratsa ruwan, ya ɗan matsa birki sau biyu a ƙetare don robobin su bushe, ya miƙe ya nufi gari.