Akwai wata 2027 ɗin da ba mu maganarta

Duk majalisar da ka zauna yanzu, daga Birnin Kudu har Gwaram, zancen ɗaya ne: 2027, wa zai tsaya, wa zai sauya sheƙa. To jama'a, akwai wata 2027 ɗin fa. A shekarar ce Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya za su karɓi baƙuncin gasar kofin duniya ta kurket, ta wasan wuni guda. Rabon da a yi ta a Afirka tun 2003, lokacin da Kenya ta ba duniya mamaki ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Na san wani zai ce, "Malam, mene ne kuma kurket?" Mutum 11 ne kowane ɓangare. Wannan ya jefa ƙwallo, wancan ya make ta da faffaɗar sanda ya ruga neman maki. A na wuni guda kowane ɓangare yana da jifa 300, sai a wuni cur ana abu ɗaya.

A Janairun 2020 ina teburin mai shayi a Birnin Kudu, ina duba waya, na ce, "Yau fa Nijeriya ta buga da Ingila a kofin duniya." Kowa ya juyo. Da na ce kurket ne, na 'yan ƙasa da shekara 19, sai aka fashe da dariya. Wani dattijo ya ce, "Ɗan nan, nawa muka ci?" Na ce, "58, Baba." Ya ce, "To ai yaran sun yi ƙoƙari!" Wallahi na kasa gaya masa cewa kwana biyu kafin nan West Indies ta zuba mana 303, mu kuwa 57. Da Ostareliya ma 61 muka samu. Japan kaɗai muka doke, muka ƙare na 15 cikin ƙasashe 16.

Ranar kam na ji kunya. Yanzu kuwa na gane Baba ya fi ni gaskiya. Zuwanmu na farko ke nan, kuma yaran sun kara ne da ƙasashen da suka shekara fiye da ɗari suna wasan.

Ku dubi Afganistan. A sansanonin gudun hijira na Pakistan da yawa daga cikinsu suka koyi wasan nan, amma a gasar manya ta 2023 a Indiya suka doke Ingila mai riƙe da kofin, suka doke Pakistan ɗin ma. Mu ma a Janairun 2025 'yan matanmu 'yan ƙasa da 19 sun doke New Zealand da maki 2 a Malesiya, a gajeren nau'in wasan. Mutum nawa a nan suka ji labari?

Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu shi ne ɗan yayata a Gwaram. Yaron nan in ya saita mangwaro da dutse, sai dai a durƙusa a ɗauka. Duk unguwa an san shi da "hannu", amma ladarsa faɗa ne da bulala. A wata ƙasar da tuni malamin wasanni ya ɗauki sunansa. A makarantarsu kuwa ba malamin wasanni, filin ma rabinsa an shuka gyaɗa.

Ban ce kurket zai kawo mana taki ko ya gyara asibiti ba. Cewa nake, in masu neman ƙuri'a sun zo da rigunan ƙwallo kala goma sha ɗaya da hoton fuskarsu a ƙirji, mu karɓa mu gode, sannan mu tambaye su: ina filin makaranta, ina malamin wasanni, yaushe za a dawo da gasar makarantu? Riga kafin damina biyu ta yage.

Allah Ya raya mana yaranmu, Ya sa su fi mu. Wanda ya taɓa riƙe sandar kurket a makarantarsu ya gaya mana a ina ne, kuma wace shekara.