Daga Shadawanka Zuwa Yankari Cikin Marka

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa sai da ruwa ya tare mu a daji muka san nauyin wannan magana.

Ran wata Asabar cikin watan Agusta muka tashi daga Shadawanka, kusa da barikin soja na Bauchi, mu huɗu cikin wata tsohuwar mota. Guzurinmu tanti ɗaya ne, da tabarmi, da risho, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Niyyarmu ita ce mu kai Yankari, amma mu riƙa yada zango a ƙauyuka.

Muka kama hanyar Gwambe, gero da dawa sun rufe ƙasa dama da hagun. Da muka isa gadar Dindima muka iske kogin Gongola ya cika ya batse, ruwansa ja wur, yana tafe da itatuwa. Daga nan muka juya kudu, can gaba muka saki kwalta don mu gai da dangin ɗayanmu a wani ƙauye. Ba mu yi nisa ba sai hadari ya haɗu daga gabas, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Gab da magariba muka tarar da wani rafi ya kawo. Direbanmu ya ce zai kutsa. Wani dattijo da ya fake a gindin tsamiya ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Samari, ku dakata. Ruwan nan baƙo ne, da asuba zai wuce. Wanda ya yi gardama da shi, a gangare ake neman sa."

Na ce, "Baba, to, ina za mu kwana?"

Ya ce, "Ku bar motar a kan tudu, ku biyo ni."

Ya kai mu wurin mai gari, aka share mana zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Biyu daga cikinmu suka nace sai sun kafa tanti a waje. Kafin tsakar dare iska ta tumɓuke turakun, suka shigo zaure sharkaf, muna ta dariya. Da gari ya waye rafin ya janye zuwa idon sawu, muka haye lafiya. Duk da haka motar ta kafe cikin laka sau biyu, sai da samarin garin suka tura mu, suka kuma ƙi karɓar ko kwabo.

Ran Litinin muka shiga ƙofar Mainamaji, muka zarce sansanin Wikki. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ruwan Wikki kuwa garai-garai yake fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa wajen digiri 31, rani da damina. Nan muka wanke lakar kwana biyu.

Giwa dai ba mu gan ta ba, sai sawunta. Dalili kuwa shi ne da damina ciyawa takan yi tsawo, ruwa kuma yana ko'ina, saboda haka namun daji sukan warwatsu. Da rani ne ƙishirwa take tara su a bakin kogin Gaji. Bika ne kaɗai suka yi mana maraba, har ɗaya ya fizge mana burodi.

Jama'a, wanda yake son ganin namun daji, ya bari sai rani. Wanda kuma tafiyar damina ta kama, ya tashi da sassafe, ya riƙi igiya da shebur, kada ya kafa tanti a kwari, kada kuma ya shiga rafin da bai ga mutanen wurin sun shiga ba. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, amin.