Wa Zai Zana Mana Gidan Baba?

Wannan makon labarin gida muka kawo muku, wato gida na bango da rufi.

A watan Agustan 2024, cikin kwanakin da ambaliya ta cinye unguwanni a Gummi, bangon ɗakin arewa na gidanmu da ke Anka ya zube da asuba. Allah ya kiyaye, yaran da ke kwana ciki sun riga sun fita alwala. Gidan na ƙasa ne, marigayi Baba ya gina shi da tubali da azara tun kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996. Da can mu tara ne a ciki. Sai Gwaggo ta taso daga ƙauye da 'ya'yanta da jikokinta, bayan 'yan bindiga sun hana su kwana sun hana su noma, muka koma mu goma sha takwas. Duk wanda ya san Anka a 'yan shekarun nan ya san ba mu kaɗai ba ne. Akwai ma waɗanda suka yi shekaru a kangon sabuwar fadar sarki saboda ba su da dangi a gari.

Kuɗin gyaran daga shanun Baba biyu ya fito, da wata gona da nisanta ya sa ba mai iya zuwa. Kuɗi ne da ba zai sake zuwa ba. Ga shi a farkon shekarar buhun siminti ya haura naira 10,000. In muka yi kuskure, ba sauran saniyar da za a kai kasuwa.

A zaman da aka yi, Kawu ya ce a kira maginin da ya yi aiki da Baba a wuce wurin. Yaya, wanda ke aiki a Kaduna kuma shi ne mai cika gibin kuɗin, ya ce sam, sai an nemo akitek. Kawu ya yi dariya ya ce, "Akitek a Anka? Bene za ku yi?" A ƙarshe aka ɗora mana nauyin nemowa, mu ƙanana, wai mu ne muka yi boko. Diflomarmu ta Talata Mafara ba ta da haɗi da gini ko kaɗan, amma a gidanmu duk mai takarda an ɗauka ya san komai.

Mun fara inda kowane ɗan zamani ke farawa, wato Facebook. Muka ci karo da wani mai shafi cike da hotunan gidaje masu ƙyalli, da ciyawa kore shar, da mota a ƙofa. Muka yi masa magana. Tambayarsa ɗaya ce: filin hamsin da ɗari ne, ko ɗari da ɗari? Gaskiya filinmu ba ko ɗaya, Baba da taki ya auna shi, kuma yana da lanƙwasa ta wajen lungu. Muka ce masa hamsin da ɗari don kada mu yi kama da 'yan ƙauye. Muka tura rabin kuɗi, kwana uku sai ga zane a WhatsApp.

Ya yi kyau, ba za mu yi ƙarya ba. Falo babba, wurin cin abinci, kicin a cikin gida, rumfar mota, tagogin gilashi manya suna kallon yamma, rufi ya yi tsini sama kamar na Abuja. Muka kai wa Inna wayar muna murna. Ta daɗe tana kallo, tana matsar da hoton da yatsa, sannan ta ce, "To ɗiyana, ina kunka kai zaure?" Muka ce yanzu falo ake yi. Ta ce, "In baƙo namiji ya zaka, bisa kaina za ya biyo? Ina murhu? Ina za ni shanya hatsi? Awakina hwa, cikin motar za su kwana?" Gwaggo ta leƙo ta tambaya ina rijiya. Muka duba, sai ga shi an ɗora falo a kanta.

Bayan mako biyu muka ga zanen nan dai, har da launin motar, a shafin wani mai sayar da filaye a kudu. Mu da ke kuka kullum a kan masu kwafe labarin mutum su canja sunan jaruma, sai ga mu mun sayi irinsa da kuɗin saniya. Rabin kuɗin ya tafi. Mun ji kunyar faɗa wa Kawu fiye da yadda muka ji zafin asarar.

Wani abokinmu da ya yi difloma a fannin zanen gine-gine shi ya zaunar da mu ya warware mana abin. Ya ce shi kansa ya iya zane a kwamfuta, amma doka ba ta ba shi ikon kiran kansa akitek ba. Sunan na wanda ya yi rajista ne da hukumar ARCON, wadda aka kafa tun 1969, kuma ba a samun rajistar sai bayan dogon karatu, da shekarun aiki ƙarƙashin na gaba, da jarrabawa. Injiniyan da ke lissafin rodi da ƙarfin ginshiƙi nasa daban, hukumarsu COREN. Ƙwararrun masu kula da aikin gini su ma da tasu, CORBON. Mu da duk a wajenmu "injiniya" ne, har da mai gyaran janareto. Ya ce mu riƙa tambayar lambar rajista da hatimi, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. A ganinmu rajista ba ta sa mutum ya iya sauraro, amma aƙalla tana nuna akwai inda za ka kai ƙara in an cuce ka. Mutumin Facebook ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba.

Kafin mu ci gaba da nema sai muka bi maganar Kawu, muka je gaida tsohon maginin. Ya haura saba'in. Bai tashi daga tabarma ba ya gaya mana dalilin faɗuwar bangon: maƙwabcinmu ya yi daɓen siminti shekaru uku da suka wuce, ruwan da ƙasa ke shanyewa ya koma bin gindin ɗakin arewa. Ya san ta inda ruwa ke shiga unguwar da inda yake fita, ya san ramin da aka haƙi ƙasar gidanmu. Irinsu ne zuriyar sana'ar da ta haifi Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim wajen shekarun 1830, da bakan gizo na ƙasa da azara, ba siminti ba rodi. Raina irin wannan ilimi wauta ce.

Sai dai da muka zo maganar kuɗi, ya ce, "A fara dai, Allah shi ka cikawa." Ba ya rubuta komai. Aikin siminti kuwa da ido yake auna shi, ya ce rodi a kan ƙofa almubazzaranci ne. Azara mai kyau ma yanzu sai an sha wuya, giginya ta yi ƙaranci, dajin da ake samo ta ba ya shiguwa. Mun tuna kangayen da suka cika bayan gari, waɗanda aka fara da "Allah shi ka cikawa" suka tsaya a taga. Allah yana cikawa, amma mu ma ya ba mu hankalin yin lissafi.

Masu rajista uku muka samu lambobinsu a Gusau. Biyu suka ce mu aiko da awon fili da hotuna, ba za su hau hanyar Anka ba. Ba mu ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Na ukun ya ce ba ya zana gidan da bai taka ba. Ya shigo motar haya da safe, da tef ɗin awo da littafi a jaka, da sharaɗin zai juya kafin la'asar.

Awa guda bai auna komai ba. Ya nemi izini ya shiga ya gaida Inna, ya zauna a kan turmi yana tambaya. "Mama, mutum nawa ke kwana a nan? Da itace ake girki ko da gas? Wane ɗaki kuka fi gudu da bazara? In an yi haihuwa ko rasuwa, ina mata ke zama?" Inna da ba ta sakin jiki da baƙo sai ga ta tana jan sa tana nuna masa inda ruwa ke kwanciya. Ya auna tsakanin rijiya da salga, ya girgiza kai, ya ce abin da ake so mita 30 ne in fili ya yarda, namu ko rabi bai kai ba. Shekara da shekaru muna shan ruwan nan.

Sannan ya yi tambayar da ta sa gidan ya yi tsit: daga ina za a ɗebo ƙasar tubali da ta cikon tsakar gida? Duk ɗan Anka da Bukkuyum ya san abin da yake nufi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa, Bagega ma sai 2013 aka yi mata nata. Dalma ba ta ruɓewa. In mai tifa ya kwaso maka ƙasa daga wurin da aka taɓa niƙa ko wanke dutse, ka shimfiɗa wa jikokinka ita a tsakar gida da kuɗinka. Gwaggo ta juya fuska, don ta binne ɗan maƙwabciyarta a waccan shekarar. A nan ne muka aika a kira tsohon magini, shi ya lissafa ramukan da aka sani tun kaka da kakanni, nesa da wuraren masu haƙa. Tun daga ranar su biyun suka fara aiki tare, ba don mun tsara ba.

Abu na biyu da ya yi ya fi ba mu haushi a lokacin. Ya tambaya ko an raba gado. Ba a raba ba, shekara huɗu ana ta kawaici. Ya ce, "To ba zan ja layi ba tukuna. Layin da zan ja yau, gobe shi ne iyakar wani." Ya ce ya sha ganin wanda ya zuba kuɗinsa ya gina ɗaki a kason 'yar uwarsa, zumunci ya mutu a gaban alƙali. Wata biyu aikin ya tsaya. Aka kira malamai, aka yi zaman da ba mai daɗi ba, yayyenmu mata da ke gidan aure suka faɗi abin da suka daɗe suna haɗiyewa. Aka rubuta, kowa ya sa hannu.

Zanen da ya kawo daga baya bai da ƙyalli ko kaɗan. Zaure na nan, ɗakin Inna na nan, ya ce bango mai kauri irin wannan ya fi bulo sanyi da rana, rushe shi asara ce. Abin da suke buƙata a ɗaure gindinsu da dutse da siminti har gwiwa, a yi rufin da zai leƙo ya kare bango, a fitar da ruwa ta kwata zuwa lungu. Sabbin ɗakuna huɗu na bulo, tagogi suna kallon kudu da arewa, a gina biyu bana biyu baɗi. Salga ta koma can ƙurya. Ya haɗa da lissafin kaya: buhu nawa, rodi nawa, tifa nawa, zango-zango.

Yaya ya kira daga Kaduna rai a ɓace, wai mun biya mutum kuɗi don ya ce mu zauna cikin laka. Muka tura masa hotunan makarantar Gando da Francis Kéré ya gina da ƙasa a Burkina Faso, mutumin da ya ci kyautar Pritzker a 2022, da masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a Nijar, aikin Mariam Issoufou. Ya ce waɗannan da kuɗin Turawa a bayansu, shi kuma in ya kawo amarya ƙawayenta ba Pritzker za su duba ba. Maganarsa da ƙamshin gaskiya. A garinmu gidan ƙasa alamar rashi ce, ba a goge wannan da hoto biyu. Aka daidaita: ɗaki ɗaya na gaba ya zama nasa, da tayil da banɗaki a ciki, da get na ƙarfe. Akitek ɗin bai yi musu ba, ya ce gidan naku ne.

Kuɗin aikinsa a rubuce aka yi, da zuwa dubawa sau uku: ranar fitar da harsashi, ranar linta, ranar rufi. Kawu ya juya kuɗin zuwa buhunan siminti ya yi ta ƙorafi har mako guda. A wurin aiki kuwa an sha gardama. Kan linta, akitek ya kafe sai an sa rodi, kuma sai an yi ta shayar da simintin ruwa kwana bakwai. Ya farfasa bulo biyu da ƙafa a gaban mai bugawa ya ce a mayar, yashi ya yi yawa. Kan inda ruwan rufi zai zuba kuma, tsoho ya ce, "Yaro, nan iskan gabas ka bugowa, ruwan ɗaki za ya komo." Ya tsaya ya dubi sama, ya ce, "Gaskiyarku Baba," ya ciro biro ya gyara takardarsa a kan gwiwa.

Damina ta 2025 ta zo ta wuce. Zaure bai yi yoyo ba, amma ɗakin Yaya mai tayil ya ɗiga ta wajen ƙusa, kafinta ya hau sau biyu. Ɗakuna biyun ƙarshe suna nan a linta suna jiran abin da kaka za ta kawo, awakin Inna sun riga sun tare a ɗaya. Zanen Facebook kuwa har yau shi ne hoton fuskar wayar Yaya.