Rinin da ke Zaɓen Abin da Zai Kama

'Yan'uwa da dama kan turo mini hotunan nan na ƙwayoyin halitta da ke yawo a intanet, masu ƙyallin kore da ja a kan baƙin fage, suna tambaya ko da gaske haka cikin jikinmu yake. A'a, ba haka yake ba. In ka ɗora ƙwayar halitta ƙarƙashin madubin ƙara girma ba tare da rini ba, kusan garau za ka gan ta, tamkar ɗigon ruwa. Launin da kake gani mai bincike ne ya sa shi, kuma kowane launi amsa ce ta wata tambaya guda da ya yi. Yau ina so mu dubi ɗaya daga cikin waɗannan rinuka, wanda ake yi da wani furotin mai suna lektin, domin labarinsa ya taɓa shafar kajin gidajenmu.

Mu fara da abin da ake nema. Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana lulluɓe da ƙananan sarƙoƙin sukari iri-iri, wasu miƙaƙƙu, wasu masu rassa. Ba su da alaƙa da zaƙi. Alamu ne, kamar yadda a da ake duban tsagar fuskar mutum a gane asalinsa kafin ya buɗe baki. Rukunin jininka ma daga nan ya samo asali. Abin da ya raba mai rukunin A da mai rukunin B sukari ɗaya ne tak a ƙarshen sarƙar da ke kan jajayen ƙwayoyin jini, mai rukunin O kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. A kan wannan ɗan bambanci ƙarin jini ke ceton rai ko ya halaka shi. Matsalar masu bincike ita ce sarƙoƙin sun yi ƙanƙantar da madubin haske ba ya nuna su, sai an sami wani abu da zai iya karanta tsagar.

Mai karanta tsagar daga cikin irin tsirrai ya fito. A 1888 wani ɗalibi mai suna Peter Hermann Stillmark, a jami'ar Dorpat, garin da yau ake kira Tartu a ƙasar Estoniya, ya tsamo wani furotin mai guba daga 'ya'yan zurma, wannan dai zurmar da ke tsirowa a bakin juji da bayan gari. Ya lura cewa in ya zuba shi cikin jini, jajayen ƙwayoyin kan dunƙule wuri guda. An daɗe kafin a tabbatar cewa sukarin da ke bayan ƙwayoyin furotin ɗin ke kamawa, yana haɗa wannan da waccan. Daga baya aka gano cewa irin waɗannan furotin suna da zaɓe: na wani nau'in wake yana dunƙule jinin rukunin A ya ƙyale sauran. Saboda wannan hali ne William Boyd da abokiyar aikinsa suka raɗa musu suna lektin a 1954, daga wata kalmar Latin mai ma'anar zaɓa.

To, lektin kansa ba ya ganuwa, don haka ake rataya masa fitila. Mafi shahara ita ce sinadarin fuloresin, wanda in ka haska shi da shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 490 yakan mayar maka da kore mai wajen 520. Aikin kansa ba shi da wuya a faɗa. Ka kafar da ƙwayoyin da ruwan fomalin don kada su ruɓe ko su canza siffa, ka wanke, ka zuba lektin mai ɗauke da rinin, ka rufe a duhu na kamar rabin awa, ka sake wankewa. Duk wanda bai sami sukarin da yake so ba ruwa ya tafi da shi. Wanda ya samu ya maƙale, kuma shi ne zai yi ƙyalli in ka kashe fitilar ɗaki ka kunna ta madubi. Sai dai ka yi hanzarin ɗaukar hoto, domin hasken da ke nuna maka rinin shi ne kuma ke koɗar da shi a hankali.

Abin da ke burge ni shi ne kayan aikin kusan duk na rumbu ne da lambu. Lektin ɗin ƙwayar alkama yana zagaye fatar ƙwayoyin halitta tsaf, shi ya sa masu nazarin zuciya ke amfani da shi wajen auna girman ƙwayoyin tsokarta. Na gyaɗa yana kama hular da ke kan ƙwayar maniyyi, a gane ko tana nan ko ta fashe, kuma a bayan ido yana zaɓen ƙwayoyin da ke ganin launi. Akwai kuma wani tsiro mai yaɗo, Griffonia simplicifolia, da ke fitowa a dazukan Gana da Togo da Kwaddibuwa. Da lektin ɗin irinsa ɗakunan bincike a faɗin duniya ke zana jijiyoyin jinin idon ɓera. Mu ke noman gyaɗa buhu-buhu, amma lektin ɗinta sai dai mu yi odarsa daga ƙetare da dala, miligiram kaɗan a 'yar kwalba, sannan mu shiga fargabar kada wuta ta ɗauke firji ya huce. Wannan zance ne na wata rana.

Yanzu ga kaji. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta a Kano da Filato, an kuma same ta a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. Tambayar da ke bakin kowa a lokacin ita ce ko za ta riƙa bi daga mutum zuwa mutum. Ƙwayar cutar mura tana shiga jiki ne ta hanyar kama wani sukari, sinadarin siyalik, kuma yana ɗauruwa a sarƙa ta hanya biyu. Murar mutane ta fi son ɗaurin da ake kira 2,6, ta tsuntsaye kuwa ta fi son 2,3. A watan Maris na shekarar, Kyoko Shinya da Yoshihiro Kawaoka da abokan aikinsu suka wallafa hotuna a mujallar Nature. Sun rina sassan hanyar numfashin mutum da lektin biyu, na itacen Sambucus nigra mai kama 2,6 da na Maackia amurensis mai kama 2,3. A hanci da maƙogwaro ɗaurin mutane ya rinjaya. Ɗaurin tsuntsaye kuwa sai can ƙasa, cikin ƙananan jakunkunan iskar huhu. Bayanin ya zauna daram: cutar tana sauka cikin huhu ta yi mummunar ɓarna, amma da yake ba ta sami mazauni a sama ba, atishawa da tari ba sa watsa ta cikin sauƙi. Hankalin mutane da yawa ya ɗan kwanta.

Shekara guda bayan haka, a 2007, John Nicholls da abokan aikinsa a Hong Kong suka ɗauki ɗanyen naman bayan hanci da na maƙogwaro da aka cire a tiyata, suka zuba masa ƙwayar cutar kanta, sai ta kama kuma ta hayayyafa. Da suka koma kan rinin, suka nuna cewa abin da ake sayarwa da sunan lektin ɗin Maackia iri biyu ne, kowane da abin da ya fi so, kuma kwalbar wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. Wurin da ɗaya ya bari cikin duhu, ɗayan ya haska shi. Hoton farko bai yi ƙarya ba, kuma har yau ana kafa hujja da shi a kan inda ɗaurin ya fi yawa. Amma duhun da ke cikinsa yana nufin cewa wannan lektin ɗin, a wannan shirin, bai kama komai ba, iyakarta ke nan. Mu masu kallo ne muka ƙara masa cewa babu ƙofa a wurin.

Shi ya sa in an nuna mini irin wannan hoto nakan tambayi ɗan'uwansa da ba a nuna ba. Mai bincike na ƙwarai yakan gauraya lektin da sukarin da yake so kafin ya zuba shi, ya ƙosar da shi tukuna. In duk da haka ƙyallin bai gushe ba, to wani abu dabam rinin ya manne wa. Yakan kuma aske sukarin daga wani yankin naman da sinadarin da ke yanke shi, ya ga ko hasken zai mutu. Sannan akwai yankin da ba a sa wa komai ba, domin naman da ya sha fomalin yakan yi ɗan ƙyallin kansa. Waɗannan hotuna baƙaƙe ne, ba su da daɗin kallo, babu mai tura wa abokinsa su a waya, alhali da su ake sanin ko mai kyawun abin dogaro ne.

A watan Maris na 2024 aka tabbatar da H5N1 a shanun tatsa a jihohin Texas da Kansas na Amurka, abin da kusan babu wanda ya zata, kuma a madara aka fi samun ƙwayar. Nan take masu bincike a Denmark da jihar Iowa suka ɗauko lektin ɗin nan biyu suka rina hantsar saniya. Suka ga ɗaurin tsuntsaye da yawa, suka kuma ga na mutane a tare da shi. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da cutar ta zauna a hantsa. Ko murar mutane da ta tsuntsaye za su iya haɗuwa a can su haifi sabon nau'i, wannan kuma sai an gwada da ƙwayoyin cutar kansu, kamar yadda aka yi da naman maƙogwaro a Hong Kong.