Dokar Baba Mai Rediyo

Mun fi shekara ashirin muna buga Whot a wata rumfa a Fagge, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Rabinmu masu jiran shago ne a Kantin Kwari, rabi kuma daga Sabon Gari suke tsallakowa, masu sayar da kayan gyaran mota a wajen Titin Faransa. Ba kuɗi a ciki, sai tsiya da dariya.

Duk mai buga kartar nan ya san 2 ɗaukar biyu ce, 5 ɗaukar uku, 14 kuwa kowa sai ya je kasuwa. Amma a rumfarmu akwai ƙari: ba a kare 2 da 2. In an jefa maka, ka ɗauka, magana ta ƙare.

Bana sai ƙanin ɗayanmu ya fara zama da mu. Ran nan aka jefa masa 2, ya ɗora tasa a kai.

"Kai yaro, ɗauke abarka," muka ce.

"Haba Yaya, ai tsohon yayi ne wannan. A waya karewa ake yi."

Ya nuna mana manhajar. Gaskiyarsa, a can haka ake yi, kuma wasan ya fi zafi. Muka ƙi. Ya ce taurin kai ne irin na tsofaffi.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A Amurka akwai wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons, wanda kowane ɗan wasa ke zama wani jarumi a cikin labari. Da kamfanin ya fitar da bugu na huɗu na dokokinsa a 2008, da yawa suka ƙi karɓa. A 2009 wani kamfani, Paizo, ya fito da Pathfinder a kan tsohon tsarin, suka koma can. Ita ma Whot daga Ingila ta zo tun asali, 'yan Najeriya suka sa mata nasu dokokin.

Abin da yaron bai sani ba, tamu dokar tana da mafari. A wata shekara da gari ba lafiya, har 'yan Sabon Gari na shakkar tsallakowa, ɗaya daga cikinsu ya daure ya zo. Aka yi ta jera 2, guda uku, duka suka faɗa kansa. Ya miƙe ya ce haɗe masa kai muka yi. Shiru ya biyo baya, irin wanda ba na wasa ba. Sai Baba mai gyaran rediyo, mai rumfar, ya tattara kartar ya ce daga yau ba a tara wa mutum ɗaya kaya. Mutumin ya koma ya zauna.

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutumin kuwa har yau yana zuwa, gashinsa ya yi fari, kuma shi ne ya ba yaron labarin da Hausarsa ta Sabon Gari.

Yaron bai ce mun fi shi gaskiya ba. Har yanzu yana ganin wasanmu ba ya sauri, kuma da daddare nasa yake bugawa a waya. Amma jiya da aka jefa masa 2, muna kallo, da tasa a hannu, ya miƙa hannu kasuwa ya ɗauki biyu.